Igiyar Ƙafar Nomau

Har gobe ban manta ranar da Nomau ya jawo ƙafarsa zuwa rumfata a kasuwar Malumfashi ba. Zamanin ne da ake fita noma da kwari da baka saboda mahara. Ni kuwa shekarata bakwai da riƙe zabirar wanzanci, idona na kan sarautar Magajin Aska, wato mai bi wa Sarkin Aska.

Nomau Bamaguje ne, sarkin noman ƙauyensu, mutum mai kafiya. Ƙafarsa ta dama ta kusa kai turmi. Ku masu koyo ku riƙe wannan: in an kawo kumburin ƙafa, a danna da babban yatsa. In ta lotsa, da sauran magana. In fata ta yi kauri da kaushi, tundurmi ne, kuma duk wanda ya tsaga ya buɗe gyambon da ba ya rufewa. Irin waɗannan garin Ƙarfi muke tura su wurin Iya Dije, tsohuwar da ke koya musu wanke ƙafa da sabulun salo har tsakanin yatsu, a shafa man kaɗe, a ɗaga ta in an kwanta. Ba ta warkarwa, amma tana hana ruɓa, mutum ya ci gaba da nomansa. Wasiƙarmu gare ta igiyar rama ce: a auna kaurin ƙafar, a ƙulla, mai ciwon ya kai mata.

Na danna ƙafar Nomau, ko gezau. Na ce, "Sarkin Noma, sai Ƙarfi."

Ya ce, "Ni za a tura wurin tsohuwa ta yi mini wanka? Wanzam, ba na tashi nan sai na ga jini."

Kun san mutanenmu, in ba su ga jini ba, ba a yi musu aiki ba. Sai na kafa masa ƙaho biyu a baya, inda babu cuta, na nuna masa jinin. Na ce wannan rabin aiki ne, rabin yana hannun Iya. Na auna, na ƙulla, ya tafi yana jan wata akuya da zai kai mata gaisuwa.

Kasuwa ta zagayo, sai na tarar da masu tundurmi jere a rumfata, har daga Musawa. Wai Iya ta gwada igiyar a gaban jama'a, ta tarar ƙafar ta ragu da taki guda na awon hannu, albarkacin ƙahona. Sarkin Aska da kansa ya zo, ya dafa ni. "Ashe haka hannunka yake? Rawanin Magaji ya kusa."

Allah Ya yafe mini, ban musa ba, kaina ya kumbura ya fi ƙafar Nomau. Na farkon jerin, wani marini Audu, ya miƙo tasa ya ce shi a kan ciwon za a kafa masa, don ta fi saurin sauka. Na san ƙa'ida sarai, amma na wasa aska.

Ina kama ƙafar sai ga Iya Dije a kan jaki, Nomau na biye yana sosa ƙeya. Ta jefo mini igiya.

"Ɗan nan, wannan ƙullinka ne?"

Na duba. Zarge ne irin na turken dabba, wanzami ba ya ƙulla shi.

Nomau ya ce, "To, ai akuyar ce ta tsinke, na ɗaure ta da igiyarka, shegiya ta cinye. Na yanko wata."

"Ka auna ƙafar?"

"Na dai kintata. Na ƙara taki guda, kada Iya ta raina ciwon."

Kasuwa ta kwashe da dariya, har jakin ya yi kuka. Ni ban yi dariya ba, domin bakin aska na kan fatar Audu. Iya ta kalli askar ta kalle ni, ta ce, "Mayar da ita zabira, ka rako mini baƙina, masu ciwon ƙafar nan."

Haka na bi bayan jakinta har Ƙarfi. Rawani kuwa wani aka naɗa wa, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Abin da na koya shi ne, rabin wanzanci sanin inda askarka ta tsaya, ka miƙa wa wanda ya fi ka ko da tsohuwa ce mai sabulu. Nomau ya yi damina da yawa yana noma da ƙafarsa. Audu ya tsufa a bakin marina ba gyambo, kullum yana gaishe ni da murna, bai taɓa sanin abin da akuya ta kusa jawo masa ba.