Ƙwanƙwasa Gilashin Geji

Yau a asibiti nas tana auna mini jini, sai na ga yatsana ya ƙwanƙwasa gilashin gejin na'urar awon sau biyu. Ta yi dariya. Ni kuwa tun da na dawo gida na kasa zama.

Marigayi malaminmu ne ya faɗo mini a rai, wanda ya koya mana karanta geji a makarantar sana'a nan Kaduna, kafin 'yancin kai. Ɗakin gwajin zafi gare shi, ga warin baƙin mai. Ran nan ya sa ni gadin tukunyar tururi. Na dubi allurar geji, na rubuta lafiya lau. Ya zo ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, allura ta zabura har cikin ja, alamar haɗari. Ya yi wuf ya buɗe bawul ɗin rage tururi, tururi ya turnuƙe mu.

Ya ce, "Ɗana, allura ma tana barci. Tashe ta kafin ka yarda da ita."

Ya yaga takardata a gaban kowa. Fushin wannan ya sa na gama makaranta ban yi masa sallama ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya isar masa da godiyar da girman kai ya hana ni yi.