Kati Ya Cika, Wuya Bai Tsaya Ba

Salamu alaikum. Masu cewa Iya ta daina leƙo waya ko sabon aure ta yi, to ga ni. Jinyar angona nake yi, shekara guda ke nan.

Angon dai Sadiku ne, jikana, ɗan 'yata Hauwa. Shawara ta kama shi satin haihuwa. Har wata bakwai wuyansa bai tsaya ba, hannuwa kullum a dunƙule.

A asibiti a Haɗejiya aka ce shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Likitar gashi ta ce, "Iya, yanzu ne lokaci. In aka yi sake, gaɓoɓin za su sandare."

Ta koya mana: a kwantar da shi rubda ciki, a bar shi ya ɗago kai da kansa, sau uku a rana. Ta ba mu kati, duk sanda aka yi a sa alama.

Ni da na raini takwas, wai ni za a ba kati!

Hauwa tana fadama wajen shinkafa, yaro yana hannuna. Da ya tsanyara kuka sai in ce haba angona, in saɓa shi a baya. Ranar asibiti kuma, a cikin kwalekwale, in cike katin nan tsaf.

Wata uku muna biyan kwalekwale da mashin daga ƙauyenmu bayan Auyo, babu canji. Na shiga da masifata, na ce, "'Yar nan, gashin naku ba ya ci."

Ta ce, "Iya, katinki ya fi na kowa kyau. Kwantar da shi in gani."

Na kwantar. Yana buɗe baki, hannuna ya riga ni zuwa ƙarƙashin haɓarsa.

Likitar ta ce, "Ke kike ɗaga kan, ba shi ba. Da katin nan nake gane ko aikin ne bai yi ba, ko yin sa ne ba a yi ba. Saura kaɗan in canza abin da ba a ma gwada ba."

Hauwa, da ta biyo mu ranar, kallona kawai ta yi. Da ma zagina ta yi.

Wata ukun nan ni na cinye masa su. Har yau abin yana ci mini rai.

Daga nan sai bidiyo, duk sati mu tura mata. Amsa ɗaya ce: "Iya, janye hannu." Ƙarshe zama na riƙa yi a kan hannuwana, yana kuka ina yi.

Yanzu wuya ya tsaya, yana zama da kansa. Tafiya da saura. Shekaranjiya ya miƙa hannu ya wafce mini kifi a kwano, mijin da ko cefane ba ya yi.

Alhamdu lillahi. Likita, Allah ya saka da alheri. Hauwa, ki yafe mini.

Kakanni 'yan'uwana, in wuyan yaro ya ƙi tsayawa, ku kai shi da wuri. Ku ce a duba yadda kuke yi. Ranar da ba ku yi ba, ku bar wurin fayau a kati.

Katinmu na wannan watan da gurbi huɗu babu alama. Haka na kai shi.