Shekarar da Na Jira Shamuwa

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, na allo kuwa bai kai ga sauka ba, saboda haka wanda ya zo neman ilimi a wannan takarda sai ya yi haƙuri. Amma akwai fanni guda da ba na yarda a ja da ni a duk faɗin Wurno ta ƙasar Birnin Kudu, shi ne fannin shamuwa. A wurin mahaifina na karanto shi, Allah Ya jiƙansa, kuma ba da tawada ba. Kai ake ɗagawa sama har ƙeya ta ƙage.

A bayan gidanmu akwai wani ƙaton rimi. Idan bazara ta yi tsanani, zafi ya hana kowa sakat, sai wata safiya a tashi a tarar da su a kansa: baƙaƙe a baya, farare a ƙirji, ƙafafu zaƙo-zaƙo, suna tsaye shiru kamar dattawan da suka zo zaman makoki. Ba wanda ya ga isowarsu. Ba wanda yake jifansu kuma. Mahaifiyata kan yi mita saboda kashinsu yana ɓata mata shanya, amma ita ce dai take ba da tsohon kwandonta a ɗaure a reshe, wai a rage wa baƙuwa wahalar gini. Haka ake yi a lokacin. Kwandon da ya gaji ba a yar da shi, na shamuwa ne.

Ƙa'idar mahaifina biyu ce. Ranar da shamuwa ta sauka, a fita sharar gona. Ranar da aka ga ta fara ɗaukar kirare a baki tana gyaran sheƙa, to ruwan da ya biyo baya shi ne na shuka. Duk ruwan da ya riga wannan, in ji shi, na gwada masu gaggawa ne. Na kuwa ga hakan da idona wata shekara: maƙwabta suka bi ruwan farko, gero ya tsiro, sama ta ɗauke, ya ƙone ƙurmus. Mu da muka jira, sau ɗaya muka yi shuka. Tun daga ranar ban ƙara tambayar dalili ba.

Abin da na yi ta tambaya shi ne ina take zuwa bayan kaka. Mahaifina ya ce inda Allah Ya kai ta. Malaminmu na aji huɗu ne ya nuna mana a taswira, ya ja ɗan yatsa tun daga nan har can ƙasa, ya wuce kurmi, ya ce akwai ƙasashen da daminarsu ke sauka lokacin da muke rani, can take tafiya. Na ce wato ita ba ta san rani ba ke nan? Ya ce haka ne. Na zauna ina lissafi: tsuntsuwa ba jaka ba guzuri, ta ƙetare ƙasashe, ta dawo ba ta ɓata ba, ta sauka a kan riminmu, ba na gidan liman ba. Wa ya yi mata kwatance? Ina cikin wannan lissafi aka cire ni daga makaranta, har yau ban gama shi ba.

Rimin nan mu muka sare shi, bayan rasuwar mahaifina. Reshe ne ya karye ya rusa mana zaure, dangi suka zauna suka yanke shawara, ni da kaina na riƙe igiya. Da shekara ta zagayo suka zo, suka yi ta shawagi a kan wurin da babu komai. Daga baya suka koma kan kukar tsohuwar rijiya. Sheƙunan da dā ba sa ƙirguwa suka koma abin da yatsun hannu ɗaya suka isa. Sannan biyu. Sannan ɗaya. Ni dai muddin akwai ɗayar, ƙa'ida tana nan.

Shekaru uku da suka wuce, ko ɗayar ba ta zo ba.

Aka yi ruwa mai ƙarfi ranar wata Laraba. Da safe gari ya fashe, kowa da sungumi a kafaɗa. Uwargidana ta fito da irin gero a ƙwarya ta ajiye a gabana.

"Malam, ga iri."

"Mayar da shi, Hajiya."

"In mayar? Rediyo ma ta ce damina ta zauna."

"Mai maganar a rediyon, a ɗaki yake zaune da fanka. Ya taɓa ganin hadari ya haɗu ya watse?"

"To kai wa ka gani?"

"Ban ga kowa ba tukuna. Shi ya sa."

Ta ɗauke ƙwaryar a fusace ta koma ciki.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya: gonata ɗaya ce, rumbuna ɗaya, kuma gero ba ya jiran mutum. In ka makara da shuka, ruwa zai ɗauke kafin zangarniya ta cika, ka girbe kara. Na san wannan sarai. Amma ina ganin idan na yi shuka ba tare da shamuwa ba, ranar ce ruwa zai yaudare ni, mutanen gari su ce ai ga ɗan gidan masu jira ya bi sahun gaggawa.

Aka yi ruwa na biyu, na uku. Geron maƙwabta ya rufe ƙasa, har an fara noman firi, wato na farko. Gonata tana tsakiya fayau kamar sanƙon liman. Da na ga abin ya yi nisa sai na tuna da kwando. Na ɗauki wanda Hajiya ke tsane hatsi a ciki, ba ma tsoho ba ne, na aro tsani, na hau tsamiyar ƙofar gida da gwiwoyina masu ƙara, na ɗaure shi. Kwana biyu, ina alwala, ta kira ni.

"Malam, albishirinka. Baƙuwarka ta sauka."

Na fito da ruwa a gemu. Hankaka ne zaune a cikin kwandon, yana kallona a karkace.

"Ga baƙi, ga fari a ƙirji," in ji ta. "Me kuma ake nema? In fito da iri?"

A makon ne malamin gona ya biyo ta hanya a kan babur, ya ga gonata, ya tsaya ya tambaya ko lafiya. Na yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda malami ke yi wa ɗalibi. Yaro mai ladabi, bai yi dariya ba sai da ya juya baya. Ya ce mini akwai masu bin diddigin tsuntsaye a duniya, har suna da jerin waɗanda suka kusa ƙarewa. Na ce shamuwa tana ciki? Ya ce ita ba ta kai can ba tukuna, amma tana raguwa, kuma cikin masu irin doguwar tafiyarta akwai waɗanda suka rage 'yan ƙalilan, akwai ma waɗanda aka daina gani kwata-kwata. Na ce su masu jerin, in sun rubuta suna, tsuntsun yakan dawo? Ya ce, "Baba, ka dai yi shuka."

Maganarsa ta tsaya mini a rai. Idan ƙarewa ta yi, ina so in sani. Idan kuma makara ta yi, to damina ce ba ta zauna ba, gari ne ya yi kuskure. Sai na shirya zuwa Fagam, wajen dangin mahaifiyata, inda na san akwai manyan itatuwa da fadama. Na shiga mota a Birnin Kudu zuwa Gwaram, daga nan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Taubashina na tarar, ɗan kawuna, makiyayi ne kuma manomi, shanunsa sun ragu har nake kiransa Arɗon awaki. Yana ganina ya ce, "A'a, Malam aji huɗu! Damina tsaka ka baro gona? Ko an kore ka ne?"

"Bincike na zo."

"Na me?"

"Shamuwa."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Ka yi shuka?"

Na ce tukuna. Ya kama ciki, ya zauna a kan turmi, ya yi dariya har da tari. Da ya huce ya ce in sha fura tukuna, mahaukaci ma da abinci a cikinsa ya fi daɗin ja.

Bayan azahar muka bi shanu zuwa fadama. Ga shamuwa nan kuwa, guda huɗu, suna takawa a bayan garke, suna caf da farar da kofato ya tayar. Taubashin nawa ya ce dā in suna kiwo a nan sai saniya ta ture shamuwa kafin ta sami wurin sa baki. Tun da feshin maganin ƙwari ya yawaita, fara ta yi wuya, kwaɗi ma sai ka kasa kunne kafin ka ji su. Ya ce ya taɓa tsintar shamuwa biyu a mace a gefen gonar da aka yi wa feshi, ba rauni a jikinsu. Manyan itatuwa kuma sun tafi gawayi.

"Ina suke kwana?"

Ya kai ni gindin wata kuka a bayan rugarsu. Sheƙa biyu. Na ɗaga kai yadda aka koya mini. Ina neman in ga kirare a baki, sai na ga wasu kawuna suna leƙowa, suna buɗe baki. 'Ya'ya ne. Har sun fara gashi.

Ko ɗan aji huɗu ya iya wannan lissafin. Kafin a yi sheƙa, a yi ƙwai, a kwanta a kai, a ƙyanƙyashe, ɗa ya yi gashi, ai an ɗebi kirare tun kafin ruwan Larabar nan. Ashe ƙa'idar mahaifina ba ta yi ƙarya ba. Ruwan da na ƙi shi ne na shuka. Shamuwa ta zo a kan lokacinta, garinmu ne kawai ba ta biyo ba, ni kuma ina zaune ina jiranta a inda na riƙe igiya aka kayar mata da masauki.

"Yaya binciken?" in ji Arɗon awaki.

"An kammala. Nemo mini acaɓa."

Washegari da sassafe ni da Hajiya muna gona, ina sara tana zuba iri tana takewa. Masu wucewa zuwa maimai, noma na biyu, suna yi mana sannu da aiki da wata irin murya. Sai da muka kai ƙarshen gona sannan ta ce a sauko mata da kwandonta. Na ce hankaka ya riga ya yi ƙwai a ciki. Ta ce to Allah Ya raya.

Geron ya yi tsawo, ya yi kyau a ido, ruwa ya ɗauke yana tsakiyar cika. Rumbu bai kai rabi ba. Kafin rani ya raba, sai ga buhun dawa daga Fagam, da saƙo a bakin direba: a gaya wa Malam aji huɗu shamuwa ce ta aiko.

Yanzu da ruwan shuka ya sauka nake fita tare da jama'a, har rediyon ma ina saurara, ko da yake ina yi mata gyara. Sai dai nakan bar kunyoyi uku a gefen gabas ban shuka ba, na shamuwa, ko Allah zai sa wata ta tuna hanya in yi mata shuka irin ta gidanmu. Bara ba ta zo ba, suka tashi a ciyawa. Bana ma na bar su. Ran nan na zaga in duba, na tarar da wani abu ya tsiro a jere, mai faɗin ganye. Kuɓewa ce. Ban tambayi wanda ya shuka ba, yanzu har ta yi 'ya'ya, kuma miyar da Hajiya ke yi da ita tana da daɗi.