Jar Fitilar Don Anselmo

Maƙwabcina Don Anselmo tun yana saurayi yake gadin mararrabar jirgin ƙasa a unguwarmu, shi ke sauke sanda ya tare motoci. Da ya yi ritaya sai ya gina tasa tashar a kan tebur, da jirgin da bai fi gyaɗa uku ba. Ni kuwa kullum ina can, ina shan shayin mate ɗinsa ina tsokanarsa.

"Tsoho, yaushe za a fara sayar da tikitin?"

"Ranar da ka biya kuɗin shayina, Cholo."

Bana hannunsa ya soma rawa. 'Yarsa Mabel ta ce ya tattara ya koma wurinta a birnin Rosario, gidan bene, ɗaki ɗaya, ba wurin tebur. Ya rantse ƙalau yake: idan ta zo ran Lahadi ba ta ga jar fitilar mararrabarsa tana ƙiftawa ba, zai bi ta.

Fitilar kuwa ta ƙi. Ƙafafun ƙarfe na kan jirgin, wato injin, su ke haɗa layukan dogon biyu fitila ta kama, amma ƙafafun taragon na roba ne, kan jirgin na wucewa sai ta mutu. Ya zo liƙa sabuwar waya, dalma ta zube masa a yatsa, ya ƙona har wayar da ke aiki. Na tarar da shi zaune ya riƙe hannun dama da na hagu.

"Cholo, ka rufa mini asiri. Ka shiga ƙarƙashin tebur, in ka ji jirgi ya taho ka dinga haɗa wayoyin nan biyu kana rabawa."

"Da wannan tumbin nawa?"

Bai yi dariya ba. Sai na shiga.

Ran Lahadi aka saki mayafin tebur har ƙasa, ina ciki a duƙe. Zagayen farko lafiya, na biyu lafiya, har na ji Mabel ta ce, "Ashe dai ka iya, Baba." A na uku ƙafata ta sage, na juya in miƙe ta, waya ta kuɓuce mini. Jirgi ya doso titi, fitila a mace, ga wata 'yar motar roba a bakin layi.

Sai na ji tebur ya girgiza. Ashe tsoho ne ya kifa tafin hannunsa a gaban motar.

"Cholo, barci kake? Ga mota a kan hanya!"

Mabel ta ɗaga mayafin, muka haɗa ido.

"Sannu da aiki, Kawu Cholo. Fito."

Ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannun babanta, ta daɗe tana duban ƙunar.

Ya tafi ranar Talata. Kan jirgin kawai ya ɗauka, a aljihun kwat. Teburin yana ɗakina yanzu, matata na ta mita, fitilar kuma har yau sai da hannu.