Ranar da Mossie Ya Ƙi Jan Igiya

Duk wanda ya yi sakandaren kan tudu a garin Rathcorrig ya san Mossie Considine, tsohon nan mai hular ulu da ke zana farin layi a filin wasa ko da ana tsuga ruwa. Ba ma'aikacin makarantar ba ne. Direban motar madara ne da ya ajiye aiki, filin kawai yake so, da ihun yara in an ci ƙwallo.

Limaman coci ne suka gina makarantar don 'ya'yan masu kanti da manyan manoma. Sai da karatu ya zama kyauta sannan irin su Mossie, ɗan lebura, suka samu shiga, aka jibge su a kujerun baya. A nan ya faɗa hannun wani limami, Fada Ultan, mai koyar da harshen Latin da ƙwallon gora, wanda suke kira hurling. Fada ya ciyo wa makarantar babban kofi, shi ya sa garin ya yafe masa komai, har abin da ba garin aka yi wa ba.

Mossie bahago ne, da hagu a sama yake riƙe gora. Fada ya ce wannan riƙon jahilai ne. Kullum sai ya ɗora hannun yaron a gefen tebur ya yi ta zabga masa bulalar fata, wai gyara. Gyaran da ya bar yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa har yau. Da ya kai kuka gida, uwarsa ta ce ya rufa mata asiri, ba a ƙarar limami. Yana shekara sha biyar ya fita bai koma aji ba, ga shi kuwa yana da ƙwaƙwalwa. Abin nan ya ci masa rai iyakar rayuwarsa, bai sake faɗa wa kowa ba sai Dinny Culhane, abokin zamansa a kujerar baya, wanda shi ma ya sha nasa rabon.

Zamani ya juya. Limamai suka ƙare, aka haɗe makarantar da ta 'yan mata, aka hana duka, aka naɗa mace shugaba, Malama Tuohy. Da makarantar ta cika shekara ɗari, kwamitin tsofaffin ɗalibai ya zauna, ya sha shayi da biskit, ya yanke cewa za a raɗa wa filin sunan Fada Ultan. Kuma don rashin ta ido, Mossie suka zaɓa ya ja igiyar da za ta yaye ƙyallen da ke kan allon sunan.

"Wa ya kai ka cancanta, Baba Mossie?" in ji Malama Tuohy. Ita ba 'yar garin ba ce, ba ta san komai ba. Amma 'yan kwamitin sun sani sarai.

Mossie ya tare Dinny, wanda shi ma ɗan kwamitin ne, a ƙofar coci. "Kai ma kana zaune aka yanke wannan?"

"Haba mutumina, mutumin nan ya daɗe a ƙasa. Ka ja igiya, a ci naman alade da dankali, kowa ya kama gabansa."

"Kai dai tun muna yara cikinka ne limaminka."

"To me kake so? A tono shi a yi masa bulala?"

"So nake kada in zo yankan ciyawa kullum in tarar da sunansa a kaina."

Ranar bikin aka jera ɗalibai cikin rigunan sanyi masu ruwan toka, ana yayyafi. Shugaban kwamiti ya yi dogon jawabi, ya ce Fada mutum ne mai tsauri amma mai adalci. Tsofaffin da ke layin gaba suka yi ta gyaɗa kai, su ne kuwa waɗanda Mossie ya gani da idonsa suna fitsari a wando don tsoron mutumin. Aka kira Mossie da tafi. Ya tako a hankali, ya tsaya gaban allon.

"Ba zan ja ba," ya ce. Lasifikar ta kai maganar har bakin titi. "Mutumin nan mugu ne. Ya nakasa ni, ya kore ni daga karatu, kuma ba ni kaɗai ba. Ga su nan zaune da furfurarsu. Wanda Fada bai taɓa dukansa ba ya ɗaga hannu in gani!"

Ba wanda ya ɗaga. Ba kuma wanda ya tashi ya tsaya kusa da shi. Wannan ya gyara lema, wancan ya tsura wa takalminsa ido. Malama Tuohy ta yi tsuru-tsuru, tana duban 'yan kwamiti. Mossie ya jira, yana neman mutum ɗaya tak da zai ce haka ne.

Sai Dinny ya miƙe. Mossie ya ji sanyi a ransa, har ya matsa masa wuri. Dinny ya wuce ta gabansa, ya kama igiyar ya ja. Ƙyalle ya faɗi, mabusa suka kama busa, aka tafa da ƙarfi don a rufe kunya.

Mossie ya zare makullin ɗakin ajiyar kayan fili daga aljihu, ya ajiye a kan tebur, ya nufi ƙofa. Dinny ya biyo shi yana haki, ya kama masa hannun riga, ya waiga ya tabbata ba kowa, sannan ya rage murya.

"Gaskiya ka faɗa, Mossie. Kaf ɗinmu mun san gaskiya ka faɗa."

Mossie ya fizge rigarsa. "A can ciki nake buƙatarta, Dinny. A nan ba ta da amfani."