Karburatar da Na Zaɓa wa Yayana

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba zan manta da girbin shekarar da na sauya wa yayana karburata ba. Lokacin ina gyaran moto, wato babur, a Dungas, kuma ina ji da kaina ƙwarai, don har daga Kwaya ana kawo mini aiki. Yayana manomi ne a ƙauyenmu da ke bayan Yekuwa. In an gama aikin gona sai ya yi kabu-kabu da motonsa.

Wata ranar kasuwa ya turo moton garajina yana tari yana hayaƙi. Na kwance na ga karburata ta cinye, wato wurin da man esansi da iska ke gauraya kafin su shiga inji. Na fito da sababbi biyu na aza masa a kan benci. Ɗaya mai faɗin maƙogwaro ce, tana da ɗan famfo da ke watsa mai da zarar an murɗa hannu, shi ya sa moto ke zabura ko da kaya a kansa. Ɗayar ƙarama ce, ba famfo, ƙarfinta kaɗan, amma tana lasar mai kamar mage.

Yaya ya ɗauki babbar yana jujjuya ta. Ya ce, "Ƙanena, wannan nake so. Ka san hanyarmu, rairayi ne."

Na yi dariya na ce, "Yaya, wannan ai rijiya ce, duk abin da ka samu a tankinta zai ƙare. Bar ni da sana'ata."

Ya ce, "To, kai ka sani." Mutum ne da ba ya son jayayya, balle da ni da ya goya. Na ɗaura masa ƙaramar, har na ƙara matse ƙofar man. Na gwada a kan hanya mai tauri ni kaɗai, moto ya tafi sumul. Ban taɓa tunanin in gwada shi cikin rairayi da kaya ba.

Bayan wata biyu na je gida taya su girbi. Da hantsi muna ɗaure damman gero, yaya ya sa hannu ƙarƙashin kara, kububuwa ta sare shi a wuyan hannu. Kafin mu kai shi bakin gona hannun ya kumbura. Na hau motonsa, muka sa shi a tsakiya, wani maƙwabcinmu ya zauna baya ya riƙe shi, muka nufi likita, wato asibiti, a Dungas.

Jigawar farko muka haye da ƙyar. A ta biyu na murɗa hannu har ƙarshe, injin ya yi gurnani, ya shaƙe, ya mutu. Na san dalili tun kafin in sauka: nauyin mutum uku, ga rairayi, ga mai ba ya isarsa, ya yi zafi kamar garwashi. Maƙwabcin ya saɓa yaya a kafaɗa, ni ina tura moto. Sau huɗu muka yi haka. Ba amalanke, ba kowa, jama'a duk suna gonaki.

A tsayawa ta uku muka zaunar da shi gindin wani gawo muna jiran injin ya huce. Jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Ya ga ina dukan tanki ina kuka, ya ce, "Bar dukansa, ai ya yi iya ƙarfinsa." Bai ce mini ko kalma ɗaya ba game da abin da ya roƙe ni a garaji. Da ya faɗa, da wataƙila na fi samun sauƙi.

Tafiyar da ba ta kai awa guda ba, sai bayan azahar muka isa. Ma'aikatan likita sun yi bakin ƙoƙarinsu, amma washegari da safe ya cika. Na tambayi lokotoron da ya duba shi ko da mun zo da wuri zai tashi. Ya ce, "Allah ne masani." Matar yaya ma da na gaya mata komai ranar uku, cewa ta yi, "Kwana ne ya ƙare, kada ka ɗora wa kanka." Na yarda da ƙaddara, amma na san akwai nawa a ciki.

Har yau ina gyaran moto, kuma har yau ina sayar da iri biyun, don kowace da inda ta dace. Sai dai na koyi cewa sanin inji daban, sanin hanya daban. Wanda ke bin hanya kullum ya fi mai gyara sanin abin da take buƙata. Yanzu in mutum ya zo, kafin in taɓa sifana nakan tambaye shi ina yake zuwa da me yake ɗauka, kuma in ya ba ni amsa, ina saurara.