Ranar da Inna Ta Dafa Sabulun Kwatano

Ko zan manta hanyar gidanmu a Gaya ta Nijar, ba zan manta ranar da mahaifiyata ta dafa sabulun da ba a dafawa ba. Har yau in na ji ƙaurin abu a kan wuta, sai gabana ya faɗi.

Inna sabulun salo ta yi duk rayuwarta. Ta ƙona karan gero, ta tace ruwan toka, ta zuba man kaɗanya, ta tsaya kan tukunyar ƙarfe da muciya tun hantsi har la'asar. Daga garuruwan Bana da Bengu mata ke zuwa saye. Doka ɗaya gare ta, mun ji ta har mun gaji: sabulun da bai tafasa ba ɗanye ne, kuma ɗanyen sabulu cin fata yake. Da wannan tukunya ta ciyar da mu.

Sannu a hankali sabulun butiki, na kanti, ya cika kasuwa, masu saye suka janye. Da Baba ya rasu, sai Inna ta kife tukunyar a bayan ɗaki ta zauna kan tabarma. Ba ciwo take ba, likita ya duba bai ga komai ba. Zama kawai take, tuwo ma sai an yi da gaske. Matar da muryarta ke kaiwa maƙwabta na uku, ta koma sai ka sunkuya kafin ka ji ta. Ni kuwa ba abin da nake nema a duniya kamar in ga ta miƙe.

A lokacin na koyi wani sabon aiki a ƙungiyarmu ta mata. Sabulu ne da aka riga aka gama a masana'anta, fari tas, kana hango yatsanka ta cikinsa. Yanka shi za ka yi, ka sa a kwano, ka ɗora kwanon bisa ruwan zafi, ya narke a hankali. Ka sa turare da launi, ka zuba a ƙananan kwanoni, shi ke nan. Ƙanena direban kamiyo ne, babbar motar kaya, shi ya kawo mini kwali guda daga Kwatano ta ƙasar Benin. Bai daɗe da dawowa ba aka rufe gadar kan iyaka, motarsa ma ta zauna. Wanda ke hannuna shi ne na farko, shi ne na ƙarshe da ya kawo.

Na kai wa Inna guntu. Ta shinshina, ta latsa da farce, ta ɗan taɓa da harshe kamar yadda take gwada nata.

"Wannan sabulu ne ko alewa?" ta ce.

Wallahi ranar ta yi dariya, karon farko tun takaba. Na ce, "Inna, ni ban da hannu. Ke za ki yi, ni in kai kasuwa." Ƙarya ce, amma ta ci. Washegari na tarar da ita tana wanke muciya. Har aike ta yi wa tsofaffin masu sayenta na unguwa, su zo da la'asar su ga sabon sabulunta.

Da hantsi muka yanka kwalin duka, don ita ba ta san aikin kaɗan-kaɗan ba. Na ɗora ruwa, na ɗora babban kwano a sama, na nuna mata. Sai na ga turaren da na saya ba zai isa ba. Na ce, "Inna, in ya narke ki sauke kawai. Ba ya son wuta." Ta ce, "Je ki, ɗiyata. Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki." Na hau kabu-kabu zuwa kasuwa ina ta murna, ni shashasha.

Tun daga bakin zaure ƙauri ya tare ni. Na shiga da gudu. Ga tsohuwar tukunyar ƙarfe bisa murhu, itace na ci bal-bal, ga Inna ta ɗaure zane a ƙugu, gumi na zuba, tana tuƙi da hannu biyu. Kumfa ta yi ambaliya tana ƙonewa a gefen tukunya. Fuskarta kuwa, kai, rabon da in ga haske irin wannan tun Baba na da rai.

"Gara da kika zo," ta ce. "Narkewa kawai ya yi, ko tafasa bai yi ba. Ɗanye za mu ba mutane su wanke jarirai? Na juye shi a tukunyar gaske."

Na leƙa. Innalillahi. Abin da ya kasance fari ya koma ruwan ƙasa, ya yi kauri yana jan muciya kamar ƙaro. Na janye itacen, muka yi ƙoƙarin zubawa, ya ƙi zuba, sai dunƙule-dunƙule. Wanda ya shiga kwano ya yi yana a sama, ya tsage, yana tsatsafo da ruwa. Turaren da na zuba ko ƙamshinsa bai tsaya ba.

Inna ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ta ɗauki guda, ta sa ruwa ta murza a tafin hannu, ta murza, ta sake murzawa, kumfar ba ta taka kara ta karya ba. Ana cikin haka matan suka yi sallama. Ɗaya ta toshe hanci da mayafi, wata ta ce, "Ayya, Inna, tsufa ne, kowa zai je." Da tausayi ta faɗa, amma gara ta zage ta.

Da suka fita na durƙusa na ce za mu samo wani, ko ta kwalekwale ne a ƙetaro da shi. Inna ta dubi hannayenta ta daɗe.

"Ba sabulun ba ne, ɗiyata. Abin da na sani ne ya ƙare."

Ta miƙo mini muciyar, ta koma tabarma. Daga baya na samo wani sabulun da ƙyar, na roƙe ta, na yi kuka, na turo aminanta. Sai ta ce, "Yi abinki, kar in ɓata miki." Garin neman gira na rasa ido: da ma tana zaune ne tana ganin duniya ce ta juya mata baya, ni na sa ta ga hannunta ma ya juya mata. Daminar da ta biyo baya Inna ba ta ga ƙarshenta ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu sabulun nan ne sana'ata, kuma ina koya wa mata. Nakan ce musu kada su bari ya tafasa, su sauke tun da sauran guntaye ba su gama narkewa ba. Amma abin da ranar ta koya mini ya wuce wannan. In za ka ba gwani sabon aiki, kada ka ce masa "yi kaza" ka tafi. Zauna kusa da shi ka gaya masa dalili, don hannun da ya ƙware abin da ya sani zai yi. Da na ce mata, "Inna, an riga an dafa shi a can," da ta gane nan take. Maganar ke nan, ba ta fi numfashi ɗaya ba, ni kuma ina sauri in sayo turare.